Melatonin da Lafiyar Zuciya da Jijiyoyin Jini: Tambayoyi da Amsoshi

An fi sanin melatonin da taimaka wa mai fama da rashin barci, amma shekaru fiye da talatin ke nan masana suna tambayar ko yana da wani aiki a zuciya da jijiyoyin jini. Tambayar ba ƙarama ba ce, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan waɗanda suka rasu a wannan shekara. Amsoshin da ke ƙasa sun raba abin da aka gani a ɗakin gwaji da jikin dabbobi daga abin da aka tabbatar a jikin mutane, saboda a wannan batu tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi.

Mene ne melatonin, kuma daga ina jiki yake samo shi?

Melatonin sinadari ne daga cikin waɗanda jiki yake aikawa ta cikin jini domin su isar da saƙo ga sauran gaɓoɓi. Yawancin wanda ke yawo a jini yana fitowa ne daga wani ɗan ƙullutu mai suna finiyal, wanda yake can tsakiyar ƙwaƙwalwa kuma girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba da yawa. Jiki yana fara haɗa shi daga tiriftofan, wani sinadari da ake samu a abinci mai gina jiki, ya mayar da shi serotonin, daga nan kuma ya koma melatonin.

Wani likitan fata a Jami'ar Yale ta Amurka, Aaron Lerner, shi ne ya fara tace shi tare da abokan aikinsa a shekarar 1958. Sun yi amfani da finiyal na shanu fiye da dubu ɗari biyu kafin su sami ɗan abin da ya isa bincike, kuma maganin cutar fata suke nema, domin sun lura cewa sinadarin yana sa fatar kwaɗo ta yi haske. A fatar mutum bai yi abin da suka yi fata ba. Sai daga baya aka gane cewa babban aikinsa shi ne sanar da jiki cewa dare ya yi.

Ido ne yake ba da labari. Idan haske ya shiga ido, saƙo yana tafiya zuwa wani gungun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke aiki kamar babban agogon jiki, shi kuma ya dakatar da finiyal. Idan duhu ya sauka sai a sake shi, melatonin ya fara hauhawa kimanin sa'o'i biyu kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, ya kai ƙololuwa tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare, sannan ya sauka da ketowar alfijir. Yawansa yana raguwa yayin da shekaru suke ja, kuma wannan yana daga cikin dalilan da ake kawowa game da guntun barcin tsofaffi.

Idan aikinsa na dare da barci ne, me ya haɗa shi da zuciya?

Zuciya da jijiyoyin jini ma suna bin agogo. A jikin mai lafiya, awon jini yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a lokacin barci, saurin bugawar zuciya yana raguwa, jijiyoyi suna samun hutu daga matsin da suka wuni a cikinsa. Akwai mutanen da jininsu ba ya yin wannan sauka ta dare, kuma an daɗe da tabbatar da cewa sun fi sauran shiga haɗarin kumburin tsokar zuciya, lalacewar ƙoda da shanyewar ɓarin jiki, ko da awon da aka yi musu da rana a asibiti bai nuna wani abin tsoro ba. Da safe kuma lamarin yana juyawa: jini yana hawa, yana ƙara saurin daskarewa, kuma tun 1985 wani bincike a Amurka ya nuna cewa bugun zuciya, wato toshewar jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya, ya fi aukuwa tsakanin ƙarfe shida na safe da tsakar rana.

Tunda melatonin shi ne manzon dare a cikin jini, ba abin mamaki ba ne da aka fara zarginsa da hannu a wannan tsari. Tun shekarun 1960 aka ga cewa idan aka cire wa ɓera finiyal jininsa yana hawa. A 1995 aka ba da rahoton cewa masu ciwon jijiyoyin zuciya suna fitar da melatonin kaɗan da dare idan aka gwada su da masu lafiya. Daga baya, a wani dogon nazari da ake yi a kan dubban mata ma'aikatan jinya a Amurka, an auna ragowar melatonin a fitsarin safe, sai aka ga cewa waɗanda nasu ya yi ƙasa sun fi kamuwa da hawan jini, da ciwon sukari, da kuma bugun zuciya a shekarun da suka biyo baya.

Sai dai a lura da iyakar wannan hujja. Ganin abu biyu tare ba ya nuna wanne ne ya haifi wani. Yana iya yiwuwa ƙarancin melatonin ne ya taimaka wajen kawo cutar, yana iya yiwuwa cutar ce ko magungunanta suka rage melatonin, yana kuma iya yiwuwa rashin barci mai kyau ne ya jawo duka biyun.

Ta waɗanne hanyoyi ake ganin yana iya kare zuciya da jijiyoyi?

Hanya ta farko, wadda aka fi yi mata rubutu, ita ce yaƙi da abin da za a iya kira tsatsar ƙwayoyin jiki. Kowace ƙwayar halitta tana ƙona abinci da iskar oksijin domin ta sami kuzari, kuma wannan ƙuna tana faruwa ne a wasu ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda su ne murhun ƙwayar. Kamar yadda murhu ba ya rasa tartsatsi, haka wannan aiki yake fitar da wasu ɓurɓushin oksijin masu zafin hali, waɗanda suke cin duk abin da suka taɓa: kitsen da ke bangon ƙwaya, furotin, har da kayan gado. Tsokar zuciya ba ta hutawa dare da rana, saboda haka tana cike da waɗannan murahu, kusan kashi ɗaya cikin uku na girman kowace ƙwayarta, kuma tartsatsin da take sha ya fi na yawancin gaɓoɓi. A 1993 Russel Reiter da abokan aikinsa a San Antonio ta jihar Texas suka nuna cewa melatonin yana kashe mafi muni daga cikin waɗannan ɓurɓushi. Abin da ya ƙara jan hankalin masana shi ne cewa abubuwan da melatonin yake rikiɗewa zuwa gare su bayan ya yi wannan aiki, su ma suna ci gaba da yinsa, sannan yana ratsa ruwa da kitse duka, don haka yana isa har cikin mitokondiriya inda wasu sinadarai irinsa ba sa kaiwa da sauƙi. Bayan haka yana zaburar da jiki ya ƙara samar da nasa sinadaran kariya.

Hanya ta biyu ta shafi shimfiɗar da ke cikin jijiyar jini. Wannan siririyar shimfiɗa ce take fitar da wani iska mai suna naitirik oksaid, wanda yake sa jijiya ta saki jiki ta buɗe. Idan tsatsar da aka ambata ta yi yawa, tana cinye wannan iska, jijiya ta yi tauri, bangonta ya fara kama kitse da ƙwayoyin kumburi, kuma daga nan ne daskararren kitsen da ke toshe jijiya yake farawa. A gwaje-gwajen dabbobi melatonin ya rage wannan kumburi kuma ya kiyaye shimfiɗar.

Hanya ta uku ita ce ta jijiyoyin saƙo. Akwai ɓangaren da ke shirya jiki domin gudu ko faɗa, wanda yake ƙara saurin zuciya ya kuma matse jijiyoyin jini. An ga alamun cewa melatonin yana sassauta wannan ɓangare da dare, har yana rage noradirinalin, sinadarin da ɓangaren yake aika saƙonsa da shi, a jinin mutanen da ke kwance.

Akwai kuma makarɓai biyu da melatonin yake sauka a kansu a jikin ƙwayoyi, MT1 da MT2, kuma an same su a jijiyoyin jinin mutum, har da waɗanda ke shayar da zuciya. A nan ne lamarin yake da sarƙaƙiya, domin na farko yana sa jijiya ta tsuke, na biyu kuma yana sa ta buɗe. Shi ya sa sinadari guda yake iya ƙara gudun jini a wata gaɓa ya rage shi a wata, kuma shi ya sa bai dace a kira melatonin mai buɗe jijiya kawai ba, kamar yadda masu talla suke yi.

Shin yana sauko da hawan jini?

Wannan ne fagen da hujja a jikin mutane ta fi ƙarfi, ko da yake saukar da aka gani ba mai yawa ba ce kuma ta dare ce.

A 2004 Frank Scheer da abokan aikinsa a Amsterdam ta ƙasar Holan suka gwada maza 16 masu hawan jini waɗanda ba sa shan magani. Sun ba su miligiram 2.5 sa'a ɗaya kafin kwanciya har tsawon mako uku, suka kwatanta da lokacin da suka sha ƙwayar da ba ta ɗauke da komai. Lambar sama ta awon jininsu a lokacin barci ta sauka da 6, ta ƙasa kuma da 4. Shan ƙwayar sau ɗaya tak bai yi komai ba, kuma wannan ya sa masu binciken suka fahimci cewa melatonin bai yi aiki kai tsaye kamar maganin hawan jini ba, ya gyara saitin agogon jiki ne sannu a hankali.

Bayan shekara biyu, Ehud Grossman a Isra'ila ya gwada mutum 38 waɗanda suke shan magani amma jininsu yana hawa da dare. Ya yi amfani da miligiram 2 na nau'in da ke narkewa a hankali cikin dare, kuma bayan mako huɗu lambar sama ta sauko daga 136 zuwa 130. A 2011 shi da wasu suka tattara gwaje-gwaje bakwai wuri guda, sai wani bambanci ya fito fili: nau'in da ke narkewa a hankali ya rage lambar sama da kimanin 6 da ta ƙasa da kimanin 3.5, amma nau'in da ke narkewa nan take bai nuna wani tasiri na a zo a gani ba. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Hanta tana saurin cinye melatonin, rabinsa yana ɓacewa daga jini cikin ƙasa da sa'a ɗaya, don haka ƙwayar da aka sha ƙarfe goma na dare ta gama aikinta kafin sa'o'in asuba da jini yake fara hawa. Yawancin abin da ake sayarwa a kwalabe kuwa mai saurin narkewa ne.

Saukar lamba 6 ba abin rainawa ba ce idan ta ɗore, sai dai waɗannan gwaje-gwaje na mutane kaɗan ne kuma na makonni ne. Babu ko ɗaya da ya bi mutane shekaru ya nuna cewa masu shan melatonin sun sami ragin bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, alhali magungunan hawan jini na ainihi an yi musu irin wannan gwaji a kan dubban mutane. Shi ya sa babu wata babbar ƙungiyar likitocin zuciya da ta sa melatonin cikin jerin magungunan hawan jini.

Mai shan maganin hawan jini zai iya ƙara melatonin a kai?

Ya danganta da maganin, kuma a nan akwai gargaɗi na musamman ga masu shan nifedipine, wanda yake cikin magungunan da aka saba rubutawa a asibitocin Najeriya da Nijar. A shekarar 2000 wasu likitoci a Italiya suka bai wa mutum 47 waɗanda nifedipine ya daidaita musu jini miligiram 5 na melatonin kowane dare har mako huɗu. Maimakon jinin ya ƙara sauka, sai lambar sama ta hau da kimanin 6.5, ta ƙasa da kusan 5, zuciya kuma ta ƙara sauri. Wato a jikin waɗannan mutane melatonin ya rage wa maganin ƙarfi.

Labarin magunguna irin su atenolol, propranolol da metoprolol kuma daban ne. Saƙon da ke umartar finiyal ya fitar da melatonin yana bi ta irin ƙofar da waɗannan magunguna suke toshewa, saboda haka suna rage melatonin na dare, kuma wasu masu shansu sukan koka da rashin barci ko munanan mafarkai. A 2012 Scheer, wanda a lokacin ya koma Boston, ya gwada mutum 16 masu shan atenolol ko metoprolol, ya ga miligiram 2.5 ya ƙara musu barcin kimanin minti 36 a dare. Wanda yake fama da wannan matsala yana da hujjar da zai tattauna da likitansa. Abin da ba shi da hujja shi ne ajiye maganin hawan jini a koma ga melatonin, kuma daina irin su atenolol farat ɗaya yana da haɗari a karan kansa.

An ce yana rage ɓarnar bugun zuciya. Gaskiya ne?

A jikin ɓeraye da zomaye, e. A jikin mutane, gwajin bai goyi baya ba.

Idan jijiyar zuciya ta toshe, likitoci suna gaggawar buɗe ta, da magani ko da siririn bututu da ake zurawa ta cikin jijiya. Buɗewar tana ceton rai, amma dawowar jini da oksijin kwatsam cikin tsokar da ta galabaita tana tayar da ambaliyar waɗancan ɓurɓushi masu cin ƙwayoyi, har wani ɓangare na tsokar da za ta iya rayuwa ya mutu. A bisa hankali, nan ne melatonin ya fi dacewa ya nuna kansa, kuma a gwaje-gwajen dabbobi masu yawa ya rage girman tsokar da ta mutu da kuma rikicewar bugawar zuciya.

An kai batun ga mutane a wani gwaji mai suna MARIA, wanda Alberto Dominguez-Rodriguez na tsibirin Tenerife a Sifaniya ya jagoranta. Mutum 146 da aka kawo da bugun zuciya aka raba gida biyu, aka bai wa wasu melatonin ta jijiyar hannu da kuma kai tsaye cikin jijiyar zuciya a lokacin buɗe ta. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna cewa girman ɓarnar bai ragu ba, har ma akwai alamar cewa zuciyar waɗanda aka bai wa melatonin ba ta farfaɗo da kyau kamar ta sauran ba. Da aka sake duba alƙaluman an ga kamar waɗanda suka iso asibiti da wuri sun amfana, sai dai irin wannan dubawa ta bayan fage tana ba da abin da za a sake gwadawa ne kawai. Wani gwajin a Denmak a kan mutum 48, wanda shi ma ya fito a 2017, bai ga wani amfani ba.

Me ya sa abin da ya yi aiki a ɓera yake kasawa a mutum?

Ɓeran ɗakin gwaji matashi ne mai lafiya, an toshe masa jijiya na mintuna ƙididdigaggu, kuma sau da yawa an ba shi melatonin tun kafin a toshe. Majinyacin asibiti kuwa dattijo ne mai sukari ko hawan jini, yana shan magunguna da dama, ya kuma iso bayan sa'o'i. Adadin da ake bai wa dabba, idan aka auna da nauyin jiki, yakan ninka na mutum sau da yawa. Ga kuma wani abu da ake yawan mantawa da shi: ɓera da dare yake kiwo, don haka hawan melatonin a jikinsa alamar lokacin tashi ne, a jikin mutum kuma alamar lokacin kwanciya.

Yaya batun kitsen jini da sukari?

Ƙananan gwaje-gwaje, musamman a kan masu ƙiba da masu sukari, sun nuna ɗan ragi a kwalastaral da wani nau'in kitsen jini, amma sakamakon bai zo ɗaya a ko'ina ba, kuma ragin bai kusanci abin da magungunan rage kwalastaral suke yi ba.

Sukari ya fi buƙatar kulawa. Melatonin yana rage fitar insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, daga gaɓar da ke samar da shi, abin da ya dace da dare, lokacin da ba a tsammanin mutum yana cin abinci. Marta Garaulet ta Jami'ar Murcia a Sifaniya, tare da Scheer, sun nuna a 2014 cewa miligiram 5 kafin shan ruwan sukari ya sa sukarin jini ya daɗe a sama. Tasirin ya fi tsanani ga masu ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gadon da ke samar da makarɓi na MT2, kuma wannan sauyi ba baƙo ba ne a tsakanin mutane. Darasin da ke ciki ya wuce batun ƙwaya: cin tuwo mai nauyi ana dab da kwanciya, lokacin da melatonin na jiki ya riga ya hau, yana sa jiki ya sha wahalar sarrafa sukarin.

An ji labarin cewa melatonin yana jawo gazawar zuciya. Yaya abin yake?

A watan Nuwamba na 2025, a babban taron Ƙungiyar Zuciya ta Amurka da aka yi a New Orleans, aka gabatar da nazarin bayanan asibiti na mutum fiye da 130,000 masu fama da rashin barci. Cikin shekara biyar, kashi 4.6 cikin ɗari na waɗanda aka rubuta cewa sun sha melatonin shekara ɗaya ko fiye sun kamu da gazawar zuciya, wato yanayin da zuciya take kasa tura jinin da ya ishi jiki, a yayin da adadin ya tsaya a kashi 2.7 ga waɗanda ba a rubuta musu shi ba.

Dole a karanta wannan da irin taka-tsantsan ɗin da aka karanta hujjojin da ke yabon melatonin. Nazarin na duba takardu ne, ba a raba mutane aka gwada ba. Wanda aka rubuta wa melatonin shekara guda mai yiwuwa rashin barcinsa ya fi tsanani, kuma rashin barci shi kansa yana cutar da zuciya, sannan yakan zama alamar farko ta zuciyar da ta fara rauni. Bugu da ƙari, a Amurka ana sayen melatonin ba tare da takardar likita ba, don haka cikin waɗanda aka lissafa a matsayin ba sa sha akwai masu sha. A gefe guda kuma, wani ƙaramin gwaji a Isfahan ta Iran, inda aka bai wa masu gazawar zuciya miligiram 10 kowane dare har mako 24, ya ga ɗan sauƙi a wani ma'aunin jini da kuma yadda majinyatan suke jin jikinsu, ko da yake ƙarfin turawar zuciyar bai sauya ba. Abin da labarin 2025 ya tabbatar shi ne cewa an yi wa shan melatonin na shekaru kallon abu marar illa tun kafin a gwada shi yadda ya kamata.

Aikin dare da hasken ɗakin kwana suna shafar zuciya ta wannan hanya?

A 2012 aka tattara nazarce-nazarce da suka ƙunshi mutum fiye da miliyan biyu, aka ga cewa masu aikin karɓa-karɓa sun fi masu aikin rana shiga haɗarin bugun zuciya da kimanin kashi 23 cikin ɗari. Wannan ya shafi ma'aikatan jinya, masu gadi, direbobin manyan motoci da ma'aikatan masana'antu. Danne melatonin da haske yana cikin dalilan da ake zato, tare da ƙarancin barci, cin abinci a tsakar dare, da shan taba.

A 2022 masu bincike a Jami'ar Northwestern da ke Chicago suka kwantar da matasa 20, wasu a ɗaki mai duhu, wasu a ɗaki mai matsakaicin haske. Dare ɗaya kacal ya isa ya sa zuciyar masu kwana cikin haske ta ƙara sauri, jikinsu kuma ya rage jin insulin da safe. Abin lura, yawan melatonin a jinin ɓangarorin biyu bai bambanta ba. Ke nan haske yana da wata hanya ta isa ga zuciya wadda ba ta bi ta melatonin, kuma ƙwaya ba za ta maye gurbin duhu ba. A shekarar 2022 ɗin ce kuma Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ƙara barci cikin abubuwa takwas da take auna lafiyar zuciya da su, inda ta ba da shawarar sa'o'i bakwai zuwa tara ga baligi.

Ana samun melatonin a abinci?

Ana samunsa a madara, ƙwai, kifi, hatsi, da wasu 'ya'yan itatuwa, amma adadin ƙanƙane ne ƙwarai idan aka gwada da ƙwaya guda. Babu abincin da za a ci domin melatonin ɗinsa a sa ran saukar hawan jini.

Abin da aka rubuta a jikin kwalba shi ne yake ciki?

Sau da yawa a'a. A Amurka da Kanada ana sayar da melatonin a matsayin ƙarin abinci, ba ya bin tsauraran matakan da magani yake bi. A 2017 masana a Jami'ar Guelph ta Kanada suka auna samfuri 31, suka ga wani ya gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin ɗari, wani ya zarce da kashi 478, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna ɗauke da serotonin da ba a ambata ba. A 2023 aka auna nau'in da ake taunawa kamar alewa a Amurka, aka ga 22 cikin 25 ba su dace da rubutun jikinsu ba. A Birtaniya kuwa sai da takardar likita ake samunsa, kuma Tarayyar Turai ta amince a 2007 da Circadin, miligiram 2 mai narkewa a hankali, domin rashin barcin waɗanda suka kai shekara 55, na ɗan lokaci. Ko wannan ma ba a ba shi lasisi a matsayin maganin zuciya ba. Mai saye a kantin magani a Najeriya ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya kuma guji wanda ake ƙirgawa a leda ba tare da kwalinsa ba.

Su wa ya kamata su yi hattara, kuma waɗanne illoli aka sani?

Illolin da aka fi gani ga masu shansa na ɗan lokaci su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da magagin barci da safe, don haka ba a tuƙi ko aiki da inji bayan an sha. Jirin ya fi zama abin damuwa ga tsofaffi, waɗanda faɗuwa a hanyar bayi da dare take iya karya musu ƙashi.

Mai shan warfarin ko wani maganin tsinka jini ya nemi shawarar likita tukuna, domin an sami rahotannin ƙaruwar zubar jini. Fluvoxamine, wani maganin ciwon damuwa, yana hana hanta sarrafa melatonin har yawansa a jini ya ninka sau da yawa, magungunan tsarin iyali masu ɗauke da estirojin ma suna ƙara shi. Masu juna biyu, masu shayarwa, masu farfaɗiya, masu ciwon hanta, da masu cutar da garkuwar jiki take yaƙar jiki, duk ba a ba su shawarar sha da kansu. A kuma ɓoye shi daga yara: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton cewa tsakanin 2012 da 2021 kiran da ake yi wa cibiyoyin guba saboda yara sun haɗiye melatonin ya ƙaru da kashi 530 cikin ɗari.

Idan likita ya amince a sha saboda barci, nawa ne kuma yaushe?

Richard Wurtman na jami'ar MIT ta Amurka ya nuna cewa miligiram 0.3 kacal ya isa ya kai melatonin na jini matakin da jiki yake kaiwa da kansa da dare, saboda haka ƙwayoyin miligiram 5 da 10 da suka cika kasuwa sun zarce wannan ma'auni nesa ba kusa ba, kuma ƙarin yawa ba ya nufin ƙarin amfani. Gwaje-gwajen Scheer da Grossman da aka ambata a sama sun yi amfani da miligiram 2 zuwa 2.5 ne. Akan sha shi sa'a ɗaya zuwa biyu kafin kwanciya, a lokaci guda kowane dare, domin shansa a lokacin da bai dace ba yana iya karkatar da agogon jiki zuwa inda ba a so. Mai ciwon sukari ya sa ido a kan awon sukarinsa, mai hawan jini kuma ya riƙa auna jininsa safe da yamma a makonnin farko, ya rubuta lambobin, ya kai wa likita a ziyara ta gaba tare da kwalbar da yake sha daga ciki.